Shekarar da Na Sa Aka Sauke Eriyar Kawunku Habu

Ku 'ya'yana, musamman ke Rabi da kai Aminu da kuka yi wayo a lokacin, kun taso kuna jin ana cewa Kawunku Habu ya taɓa cin amanata a kan sana'a. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa buɗe baki na ba ku labari ba, amma na san kun ji, domin a Kura magana ba ta daɗewa a gida ɗaya. Na sha ganin yadda kuke gaishe shi a tsaitsaye ranar Salla, kuna satar kallon fuskata ko na yarda ku zauna. To yanzu da likita ya hana ni hawan ƙarfen eriya, ya zaunar da ni a zaure ina gadin kaji, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru da hannuna, kada in mutu ku ci gaba da riƙe mutumin da bai yi mini komai ba.

Habu aminina ne tun kafin ya zama yayan matata. Tare muka koyi gyaran rediyo a wurin maigida ɗaya a Kano, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, faɗa ma ɗaya muke sha idan muka ƙona wa wani rediyonsa. Ni ne mai baki, shi ne mai hannu. Ni zan tsaya ina yi wa mai rediyo bayani har ya ji kamar shi ma ya iya gyaran, Habu kuwa yana gefe a sunkuye bai ce uffan ba, sai dai kawai ka ji rediyo ya kama magana. Shi ya kai ni ƙauyensu, ya nuna mini ƙanwarsa Hajara, mahaifiyarku, tana shanyar shinkafa a tsakar gida, ya ce shi ba zai ce komai ba, ni dai in duba. Mahaifiyarsu, wadda kuka sani da Inna, tun daga ranar ba ta taɓa zuba mana abinci a kwano biyu ba. Daga rediyo muka koma talabijin, daga nan muka koma ɗaura wa mutane faranti a rufin gida, har zamani ya kawo mu ga intanet, gemu ya fara furfura muna ta hawan tsani.

Ga yadda sana'ar take, saboda ƙananan cikinku da suka ɗauka intanet daga sama yake zubowa. Muna janyo shi ta iska daga Kano zuwa wani dogon ƙarfe da muka kafa a kan rufin injin casar shinkafa na Alhaji Ilu. Daga wannan ƙarfen ƙananan eriyoyi ke raba shi ga masu shaguna da masu injinan casa da kemis da wata makaranta. Akwai kuma faranti guda da ke kallon gabas, yana aikawa zuwa wani ƙarfen namu da ke kan tankin ruwa kusa da Bunkure, inda muke ba ƙaramin asibiti da wani shagon kwamfuta da ɗalibai ke rajistar jarrabawa a cikinsa. Dole ne farantan nan biyu su kalli juna ido cikin ido. Tsakaninsu babu dutse, babu tudu, babu dogon gini, sai gonaki a shimfiɗe iya ganinka da kanal-kanal na noman rani. Duk wanda ya san aikin zai ce maka ba a samun hanya mai sauƙin wannan, kuma shekara biyu cur ba ta taɓa sa mini ciwon kai ba.

A shekarar da nake ba ku labarinta, Habu ya zo ya ce yana so ya kafa nasa a ƙauyensu. Ba faɗa muka yi ba. Inna ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, yana so ya zauna kusa da ita, kuma ƙauyukan wajen babu mai kai musu sabis. Na ce Allah ya sa albarka, da bakina na faɗa, amma a cikina na ji zafi, domin na saba in juya in gan shi a bayana. Ƙauyen nasu yana tsakanin Kura da Bunkure, ɗan gefe kaɗan da hanyar da saƙona ke bi. Saboda haka muka zauna muka raba zango. Kamar yadda kowace tashar rediyo take da inda ake kama ta don kada ta hau kan 'yar'uwarta, haka mu ma: na ɗauki na ƙasa, ya ɗauki na can sama, muka bar fili mai yawa a tsakani. Ya kafa ƙarfensa a bayan gidan Inna, ya sa masa sola da wani tsohon batir da ba ya kwana da caji, sai rana ta fito eriyarsa take farkawa. Ya raɗa wa sabis ɗinsa suna Gidan Inna, muka yi ta dariya.

Kwana tara da kafa ƙarfensa, hanyar Bunkure ta fara wasa da hankalina. Mu a lokacin da wutar injin casa muke aiki, a kashe bayan isha'i, a kunna bayan an fito sallar asuba. A kwamfutata akwai wata lamba da ke nuna ƙarfin saƙon da ke isowa, lambar da na sani a tsaye kamar an kafe ta da ƙusa. Sai ga ta da safe tana rawa. Ta hau, ta faɗo, ta ɓace gaba ɗaya, ta dawo kamar ba ita ba. Wajen azahar sai ta ɗan nutsu, da la'asar ta yi kamar babu abin da ya taɓa faruwa, washegari kuma a koma gidan jiya. Na canza waya, bai daina ba. Na hau na juya farantin dama da hagu har wuyana ya ƙage. Na sauke na'urar na ɗora sabuwa. Na tafi Bunkure na yi wa ɗayan haka. Na bar zangona na koma wani, na sake barinsa na koma wani, duk inda na je abin yana biye da ni. Shekara talatin ina gyaran abin da ke kama murya daga iska, ban taɓa ganin cutar da ke zuwa da safe ta tafi da rana ba, in ba zazzaɓi ba.

Kowa kuma ya zama likita. Alhaji Ilu ya tsaya a ƙasan ƙarfe, hannu a baya, ya ɗaga kai ya ce:

"Malam Sale, ƙurar buntun shinkafar nan ce ta toshe masa ido. Ni ma da safe sai na wanke nawa nake gani."

Na hau da bokiti da sabulu na wanke faranti tas kamar kwanon amarya. Wani ya ce balbelu ne ke sauka a kai da sassafe, na ɗaura mutum-mutumi da tsohuwar rigata a saman ƙarfe, mutanen gari suka yi sati suna gaishe shi da sunana. Wani kuma ya ce injinan ban-ruwa masu aiki da sola ne, tunda su ma da fitowar rana suke tashi. Wannan ta shige ni, har na bi manoma gona gona ina roƙo su kashe injinansu na safiya ɗaya. Wasu suka yi mini, wasu suka ce in je in nemi magani. Wani dattijo ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce:

"Wato shinkafata ta sha ƙishi don yara su kalli rawa a waya?"

An kashe waɗanda aka kashe, lambar ba ta fasa rawarta ba. Na koma gida kaina a ɗaure. Abinci ma da kwamfuta a cinya nake ci, har mahaifiyarku ta ce:

"Malam, in zuba mata nata ne daban, ko tare za ku ci?"

Rannan sai na sa na'urar ta saurari duk abin da ke yawo a iska ta jero mini. Ta jero 'yan ƙananan abubuwa na cikin gari waɗanda na sani, can a ƙasa kuma sai ga suna: Gidan Inna. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, da kyar ake jin ta, kuma tana can zangon da muka yi alkawari, ba ta matso ko taku ɗaya ba. Mai natsuwa zai ce wannan ba ta isa ta kayar da komai ba. Amma ni na yi sati uku ina neman abin da zan kama, ga shi na sami abu mai suna. Na lissafa a raina: kwana tara da kafa ƙarfensa abin ya fara, da fitowar rana eriyarsa ke tashi, da fitowar rana tawa ke faɗuwa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, wato me ya sa da la'asar nake samun lafiya alhali tasa tana kunne. Na haɗiye ta, na ce ai da rana mutanensa barci suke yi.

Na hau babur na same shi a bayan gidan Inna yana ɗaure waya. Na faɗa masa abin da na gani, da ɗan zafi. Bai musa ba, ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mini da ita.

"Ga ni nan, ga ka can, Sale. Tsakaninmu ko da gangan na miƙa hannu ba zan taɓa ka ba. Amma kada mu yi ta ja. Gobe da safe zan kashe tawa gaba ɗaya, ka duba ka gani."

Washegari aka tashi da iska mai ɗan ƙarfi, har tana kaɗa kwanon rufin injin. Na tuna da ita ne kawai don ta yar mini da hula daga kan ƙarfe, ban ɗauke ta a bakin komai ba. Habu ya kashe eriyarsa, lambata kuwa ta tsaya cak tun safe har azahar. Kashegari gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, ya kunna, ta koma rawa. Na kira shi na faɗa masa. Ya ce:

"Wallahi ban gane ba. Ba ni sati biyu in bincika."

Da na ba shi sati biyun nan, da ban zauna rubuta wannan ba. Amma a satin ne ake rufe rajistar jarrabawa, ɗalibai suna cika shagon nan na Bunkure tun da sassafe, sabis yana ɗaukewa ana tsakiyar cike takarda, a sake daga farko. Wata safiya na fito na tarar da iyaye huɗu a ƙofar gidana, ɗaya daga cikinsu mace ce da 'yarta, yarinyar tana kuka, wai idan aka rufe sai baɗi. Malamar asibiti ita ma ta aiko cewa ta kasa tura sakamakon gwajin marasa lafiya. Zuciya ta ɗebe ni. Ban koma wurin Habu ba, ban je wurin Inna ba, ko mahaifiyarku ban yi wa shawara ba. Na wuce kai tsaye fadar dagacin ƙauyensu na kai ƙara.

Fada ta cika, domin ba a taɓa jin an yi ƙara a kan iska ba. Na yi bayani, kun san ni da bayani, har da zane a ƙasa da tsinke. Dagaci, tsoho ne mai haƙuri, ya saurara har na gama, ya ce:

"Ni dai ban san shari'ar iska ba, ta ruwa na sani. A kanal, na sama ba ya tare wa na ƙasa, wanda ya zo daga baya kuma ba ya fasa hanya a kan wanda ya tarar. A cikinku wa ya tarar da wani?"

Habu ya ce shi ya tarar da ni. Dagaci ya ce to ko a yi mana rabo irin na ruwa, ni in sha da safe, shi ya sha da yamma, har Allah ya kawo mafita. Mutane suka yi dariya, Habu kuwa ya ce ya yarda. Wallahi da na yarda ni ma, da asirin ya tonu cikin kwana biyu, domin da an ga tawa tana faɗuwa tasa a kashe. Amma dariyar nan ta ƙona mini rai, na ji kamar ni ake yi wa, ni da mutum-mutumina. Sai na miƙe na ce ba zan yi rabo da mutumin da ya san abin da yake yi ba, ai tare muka koyi aikin, da gangan yake hawa kaina don mutanen Bunkure su bar ni su koma wurinsa. Habu ya ɗago kai ya dube ni.

"Sale, da gangan ka ce?"

Na ce da gangan na ce. Habu ya miƙe. Ya yi wa dagaci sallama, kafin la'asar ya kwance ƙarfensa shi kaɗai, ya jingine farantan a zauren Inna, ya bi waɗanda ya fara ba sabis ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan an sauke ƙarfen, hanyar Bunkure ba ta warke nan take ba. Ta ƙara kwana goma tana tangaɗi da safe, sai dai kullum da ɗan sauƙi a kan jiya, har ta daina. Na san sarai cewa idan tasha ta hau kan tasha, ana kashe ɗaya ɗayar ke washewa, ba a jinya. Amma da mutane suka tambaye ni sai na ce iskar ce ba ta gama wankewa ba, suka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa wa kaina. Habu ya bar ƙauyen ya koma bakin titi a Garun Mallam yana gyaran injinan ban-ruwa, domin babu mai son ya ba maci amanar amininsa aikin hawa rufin gidansa. Mahaifiyarku kuwa ta daina yi mini ba'a, gidan ya zama kamar ɗakin jira a asibiti. Ranar Salla muka haɗu a wurin Inna, ta zubo mana a kwano ɗaya kamar kullum. Habu ya ce ya ƙoshi, ya fita duba awaki. Da damina lambar ta ɗan yi rawa na 'yan kwanaki, na ɗora wa hadari laifi.

Sai rani ya zagayo, abin ya dawo sak yadda ya fara. Safiya rawa, azahar sauƙi, la'asar lafiya. Ranar farko na zauna ina kallon kwamfuta kamar wanda aka mara. Na sa na'urar ta saurari iska, babu Gidan Inna, babu kowa, fili fetal. Duk da haka, don ku san inda ruɗewa ke kai mutum, sai da na hau babur na zagaya bayan gidan Inna a ɓoye, ko Habu ya mayar da ƙarfen ban sani ba. Na tarar da dandamalin siminti da guntayen ƙusoshi huɗu, an ɗaure akuya a jikin ɗaya. Na tsaya ni da akuyar muna kallon juna. A hanyar dawowa na fara tunanin ko kaina ne ya taɓu, ko kuwa alhakinsa ne ya koma iska yake bi na.

A kwana na huɗu na hau ƙarfe da sassafe, ba don ina da abin yi a can ba, sai don na rasa inda zan sa kaina. Na tsaya a bayan farantin na kalli inda yake kallo. Rana ta ɗan taso, sai haske ya kashe mini ido ta wuri biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Na kare fuska da hannu na sake dubawa. Tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya, gonakin nan duk an sakar musu ruwa ana shirin dashen shinkafa, babu ganye ko ɗaya a kai, ruwa ne kwance lumui kamar madubi, ga rana a sama, ga wata ranar a cikinsa. Na rungume ƙarfen. Na tuna zamanin talabijin, lokacin da mutane ke kawo mana ƙara cewa mai karanta labarai ya zama mutum biyu. Habu ne ma ya fara gane dalilin: hoton yana isowa sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya ya bugi rufin kwanon maƙwabci ya dawo a makare, su haɗu su ɓata juna. Abin da ke faruwa da ni ke nan. Saƙona ne yake tafiya ta sama, wani sashensa ya bugi ruwa ya taso, su isa tare suna kashe juna. Idan iska ta taso da rana ta yamutsa fuskar ruwan, sai madubin ya fashe in samu lafiya. Idan shinkafa ta yi tsawo ta rufe ruwan, sai abin ya tafi sai wani dashen. Babu wanda ya hau kaina, ni ne nake hawa kan kaina.

Na sauko, na tafi wurin Malam Tanko, mai buɗe ƙofar ruwa ta wannan sashen, ina fatan ya ƙaryata ni. Na tambaye shi me ya sa shekaru biyun farko ban ga haka ba.

"Ai da can tumatir da albasa ake yi a nan, Malam Sale, ruwa ya bi kwari ya shanye. Da tsutsa ta cinye musu tumatir ne bara waccan suka haɗa baki duk suka koma shinkafa. Bara ne farkon da na cika sashen nan da ruwa. Ina tunawa, satin da Habu ya gama kafa dogon ƙarfensa ne, har na ce masa ya yi hankali da taushin ƙasa."

Na koma na sauke farantin kamu huɗu, na ɓoye shi a bayan tozon rufin injin, yadda zai hango ƙarfen Bunkure amma ba zai ga ruwan ba, na ɗan ɗaga masa haɓa sama. Aikin bai kai rabin awa ba. Lambar ta tsaya, kuma har ranar da na bar sana'ar ba ta sake motsi ba. An haife ni a cikin ruwan nan, na yi dashe a cikinsa ina yaro, kullum ta gefensa nake wucewa, shi ya sa ban taɓa ganinsa ba.

A nan ya kamata labarin ya ƙare, in ce muku na hau babur na tafi Garun Mallam a ranar. Ban je ba. Na ce gobe. Da Alhaji Ilu ya tambayi dalilin sauke farantin, na ce saboda iskar bazara. Da mahaifiyarku ta ga na dawo cin abinci babu kwamfuta, na ce wata waya ce ta lalace na canza. Duk lokacin da na yi niyyar tafiya sai in tuna fadar nan a cike, da ni a tsaye ina cewa da gangan, sai in fasa. Gobe ta zama wata, wata ya zama shekara uku. Ruɗewar farko ba laifina ba ce, kowa zai iya yin ta, har Habu sai da ta ruɗa shi. Shirun nan kuwa da idona biyu na yi shi.

A shekara ta uku ciwon Inna ya tsananta. Wata la'asar ta aiko a kira ni ni kaɗai. Na durƙusa a bakin gadonta, ta lalubo hannuna ta riƙe, ita da ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba saboda kunyar suruki.

"Malam, roƙo ɗaya zan yi maka. Ka yafe wa Habu. Ban san me ya shiga kansa ba, ba haka na raine shi ba. Ka yafe masa, kada in je can da nauyinsa."

Bakina ya buɗe, gaskiya ta zo har kan harshena. Na ce:

"Na yafe masa, Inna."

Ta sa mini albarka, ta yi ta sa mini albarka har na fita. Bayan kwana biyu ta rasu.

Sai da aka yi sadakar arba'in sannan na iya zuwa Garun Mallam. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya kwance wani inji, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Na zauna a kan benci na faɗa masa komai, ruwan, da madubin, da hular da iska ta yar, da Malam Tanko. Karon farko a rayuwata bayani ya gagare ni, ina yi ina sarƙewa. Bai daina aikinsa ba har na gama.

"Na sani. Tun daminar farko na gane, ina gyaran inji a bakin wata gona na ga gajimare a cikin ruwa. Da na zo Kura sayen kaya na ga ka ɓoye farantin a bayan rufi, na ce to Sale ma ya gane, cikin satin nan zai zo."

Na ce me ya hana shi faɗa.

"In faɗa wa wa? Kai ka faɗa a gaban mutane, kai ya kamata ka warware. In ni na ce ruwa ne, cewa za a yi na samu abin fakewa."

Na ce ko Inna fa, ita kaɗai, me ya sa bai gaya mata ba. A nan ne ya ajiye sifana ya dube ni.

"In ce mata mijin 'yarta ya san gaskiya ya yi shiru? Da wane ido za ta dubi Hajara, da wane ido za ta dubi jikokinta? Laifin ɗanta ta iya ɗauka, ta saba tun ina ƙarami. Nawa na yafe maka tun tuni, Sale. Na Inna kuwa ba a hannuna yake ba."

Daga baya na koma fada na warware maganata, amma tsohon dagaci ya riga ya rasu, kuma mutum bakwai ne a zaune, biyu suna gyangyaɗi. Mahaifiyarku na gaya mata a ranar, ta yi kuka, ta ce in faɗa muku da bakina. Kullum sai in ce gobe, kun dai ga halin nawa bai canza ba, shi ya sa na koma ga takarda. Farantan Kawunku suna nan a zauren Inna har yau, sun yi tsatsa, ya hana a sayar, ya kuma ƙi sake ɗaura su. Idan Salla ta zo kuka je gidansa, ku cire takalmi ku zauna, ku ci abin da aka zubo muku, kada wanda ya dubi fuskata.